Ranar da na binne wayar jikata cikin hatsi

Bazarar bana ta gasa mu a Yamai. Tun hantsi kwanon rufi ke fara ƙara yana miƙewa, ruwan randa ya koma kamar an sauke shi daga murhu, kuran kuwa, wato wutar lantarki, ya zo ya tafi yadda ya ga dama. Daga nan Yantala muna kallon kogi yana janyewa, duwatsun da ke cikinsa duk sun fito waje. Kowa na roƙon ruwa. Ni ma ina roƙo tare da mutane, da baki, amma Allah ya san abin da ke cikina. Shekara hamsin da wani abu ke nan, duk sa'ad da gabas ta yi baƙi sai in tashi in fara bin gida ɗaki-ɗaki. Ban taɓa taka ƙofar lakkol, makarantar boko, ba, jikata Mari ce ke rubuta wannan ina faɗi, kuma na gaya mata kada ta gyara mini magana, don ba a taɓa gyara mini ita ba.

Mari ɗiyar ɗana Isufu ce, mai sayar da katako a kasuwar Katako. Sunanta na yanka Mariyama, sunan ƙanwata da ta rasu, shi ya sa in zan kira ta Ƙanwa nake cewa. Tana iniversite, shekararta ta ƙarshe, kuma wai noma take karantawa. Ran da ta gaya mini na yi dariya har na ƙware. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe sungumi ba, wadda in ƙaya ta soke ta sai unguwa ta ji, ita ce za ta koya wa mutanen Adar yadda ake shuka hatsi, kuma a cikin waya. Ta ce in bari ta gama, za ta ɗauke ni aiki a gonarta ina korar tsuntsaye, tunda bakina ba ya hutawa.

Rabin karatun nasu a wayar yake. Suna da abin da suke kira gurup, ƴan ajinsu duka a ciki da malamansu. Malami ya jefa takarda, su karanta, wannan ya yi tambaya, wancan ya amsa da murya, wokal suke ce masa. Da zafin nan, in kuran ya ɗauke, sai ta jawo tabarma gindin dogon yaro ta kwanta rub da ciki, zufa na ɗiga a kan gilashin tana sharewa da bakin mayafi. Wata rana na leƙa na ga rubutu na tafiya da kansa ba ta taɓa komi ba. Na yi a'uziyya. Ta ce ba aljanu ba ne, su biyar ne ke rubuta takarda guda a lokaci guda, ɗaya yana hayin kogi, ɗaya a unguwar Filato inda yake gadi da rana, kowa daga inda yake. Na ce ashe gayya ce. Ta ce gayya ce, sai dai babu fura.

Har ni an sa cikin gayyar. Ta ɗauki muryata ina bayanin yadda ake jiƙa anza, ƴaƴan iccen dajin nan da ake ci lokacin yunwa, a fitar da ɗacinta, ta jefa musu. Kwana biyu suna aiko tambaya, Hajiya ruwa nawa ake sakewa, Hajiya da toka ko babu. Na amsa musu ɗaya bayan ɗaya, don babu wanda zai gaya mini anza. Ba a littafi na san ta ba.

Na san ta a garinmu, can ƙasar Adar, shekarar da damina ta ƙi biyu a jere. Ina da aure shekara biyu, ina da cikin Isufu. Rumbuna sun zama fanko tun kafin sanyi ya fita. Da asuba mukan fita, ni da Mariyama da matan gari, mu nufi tudu tsinkar anza. Mu dawo rana ta take, mu fasa, mu tafasa, mu zuba a tulu, kullum a sake ruwa, kwana huɗu ko biyar, kuma ruwan nan daga rijiya mai gaba ashirin ake jawo shi. In ka yi gaggawa ka ci da sauran ɗaci, cikinka zai gaya maka. Ganyen jiga muka ci, dusa muka ci, har gidan tururuwa mun haƙa mun kwashe abin da suka tara. Shanu sun mutu a tsaye. Yara sun daina kuka, wannan ya fi komi ba ni tsoro.

Abu ɗaya ne ba a taɓawa, iri. Babanmu ya rataye damin iri a tsakar ɗakinsa, sama da kansa, ya ce wanda ya taɓa shi ya taɓa ransa. Muna kwana da yunwa muna kallonsa.

Sai ruwa ya zo, da yamma, mai yawa, ƙasa ta jiƙa har kamu ɗaya. Ƙamshin nan na ƙasa har yau in na ji shi bakina ke kawo yawu. Washegari gari duka ya fita. Maza a gaba da sungumi suna sara, mu a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige, gonar wannan yau, ta wancan gobe, don babu mai ƙarfin yin tasa shi kaɗai. Ƙwaryar Mariyama ta tsage, iri na zuba. Na koma ɗaki na ɗauko mata tasata ta kayan aure, sabuwa, fara, tana ƙyalli kamar wata. Ban taɓa ci a cikinta ba. Ta yi murna, tana duba fuskarta a gindinta tana gyara ɗankwali. Shekararta goma sha huɗu.

Kwana na uku da azahar hadari ya sake haɗowa. Babu wanda ya gudu, kowa na so a rufe sauran ramuka kafin ya sauko. Da ruwan ya fara dukanmu, ta juye sauran irin a bakin zanenta ta ƙulle, ta kifa tasar a ka, ta riƙe da hannu biyu, tana mini dariya wai ita ta yi ɗaki. Tsakanina da ita bai fi taku goma ba. Ban ji ƙara ba, ni dai na ga duniya ta yi fari, na tashi na gan ni a ƙasa bakina cike da laka, ina jin wari kamar na gashi da ya ƙone.

A wurinmu an ce wanda aradu ta faɗa wa nono ake zuba masa. A shekarar da shanu suka ƙare, ina nono? Babanmu ya yi gudu har mashekarin Buzaye, ya dawo da na akuya wanda bai cika ludayi ba. Ya zuba mata duk da ya ga ta riga ta tafi. Tasar ta huje a tsaka, kuma yatsunta sun ƙi sakin bakinta, sai da innarmu ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Bayan an rufe ta aka fara ƙus-ƙus a bakin rijiya, wai aradu ba ta faɗuwa a banza, wai yarinyar ta ci iri. To, ta ci. Na gan ta da safiyar nan ta jefa ɗan kaɗan a baki. Ni ma na ci, har na fi ta. Abin da ya bambanta mu ƙarfen da ke kanta, kuma ni na ɗora mata shi.

Tun daga ranar, a duk gidan da na zauna, in hadari ya taso sai na bi ɗaki-ɗaki. Madubi a rufe shi da zane, tasoshi da wuƙaƙe da cokula a tura ƙarƙashin gado, rediyo a kashe. Isufu ya girma a haka, matarsa ta zo ta tarar, jikoki suna mini dariya suna taya ni. Ban taɓa gaya musu dalili ba. Sun san dai ina da ƙanwa, ta rasu tana yarinya.

Egzame na ƙarshe da ya rage wa Mari, wato jarrabawa, na baki ne. Madam ɗin da ke koya musu ta tafi wata ƙasa ƙaro karatu, don haka ta waya za a yi, su ga juna ido da ido, kowane ɗalibi da lokacinsa. Na Mari ƙarfe huɗu na yamma, ran Laraba. Ta gaya mana tun da mako, ta sake gaya mana, cewa in lokacinta ya wuce ba ta shiga ba, sai baɗi. Shekara guda ke nan, ga uban yana ta shan rana a Katako dominta. Uwarta ta tafi Tawa gaisuwar rasuwa, Isufu yana kasuwa, gida daga ni sai ita.

Ranar ta waye da wani zafi mai nauyi, ko ganye ba ya motsi, ƙudaje sun lafe a bango. Da azahar Mari ta sa wayar a caji, ta ce saura kaɗan a cikinta, ta bar ta ta cika. Ta tafi gidan ƙawarta nan bayan masallaci su yi bitar ƙarshe a takarda, daga nan ta dawo ta yi wanka. Tana fita ba da jimawa ba na ɗaga kai na ga gabas. Hadarin farko na shekara, baƙi ƙirin, ƙasansa ja, yana tahowa a hankali kamar bango.

Na tashi na yi abin da na saba. Madubi, tasoshi, wuƙaƙe. Sai na zo kan wayar. Ban taɓa samunta ita kaɗai ba, kullum tana hannun mai ita. Ga ta a kan tebur, gilashi a gaba, ƙarfe a baya, tana ƙyalli, ga igiya daga jikinta zuwa bango. Kuma an ce mini maganar da ke cikinta ta sama take zuwa. Abin da ke kiran magana daga sama, mi zai hana shi kiran wuta? Kuma a daidai fuskarta za ta riƙe shi, da hannu biyu. Na cire igiyar. Na naɗe wayar a tsohon ɗankwali, na buɗe buhun hatsin da ke ɗakina, na tura hannu har gwiwar hannu na binne ta, na ɗaure bakin buhun. Na zauna a kai da tasbaha.

Iska ta iso kafin Mari. Ta shigo da gudu tana kare ido, ƙofofi na bugawa, kuran ya ɗauke. Na ji ta ta shiga ɗakinsu, na ji shiru, sai na ji ana ɗaga katifa. Ta fito ta tambaye ni ko wani ya shigo. Na ce babu wanda ya shigo. Ban yi ƙarya ba. Ta koma, ta zazzage jaka, ta duba bayan tebur, ta duba banɗaki, tana kiran sunan Allah ƙasa-ƙasa. Agogon bango ya nuna uku da rabi ta wuce. Ina zaune ina ja, amma ban san abin da nake karantawa ba.

Hatsin ne ya tona ni. Ƴan gurup ɗinsu sun ga ba ta leƙo ba, suka shiga kira. Buhun ya fara gurnani a ƙarƙashina, ya yi shiru, ya sake. Mari na tsaye a bakin ƙofa. Ta dubi madubin da na rufe, ta dubi buhun, ta dube ni.

"Kaka, tashi."

Na ce ba ni tashi sai hadarin ya wuce. Ta ce hadarin ba zai wuce kafin huɗu ba. Na ce to baɗi ma shekara ce. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba, ta durƙusa a gabana ta kama ƙafafuna tana kuka, tana cewa shekara huɗu, Kaka, shekara huɗu, ki dubi Baba. Ta ce waya ba ta kiran aradu, malamansu sun faɗa, cikin ɗaki babu abin da zai same ta. Na ce malamansu ba su kasance a gonar ba. Ta ce wace gona?

A nan na gaya mata. Abin da na riƙe shekara hamsin na faɗe shi cikin abin da bai kai tafasar ruwan shayi ba, tasar, da dariyar, da yatsun. Ruwa ya fara sauka a kan kwano kamar ana watsa tsakuwa. Ta share fuska, ta ce Allah ya jiƙanta. Sannan ta ce, a hankali, ita ba za ta ture ni daga kan buhun ba, ko za ta rasa shekarar. In na ce a'a, shi ke nan.

Da ta yi mini tsiwa da na ji sauƙi. Na dubi agogo, saura minti goma. Na ga a fili cewa ko ta wace hanya ni ce zan sake cutar da mai wannan suna. Na sauka daga kan buhun, na kwance, na tura hannu na zaro.

"Za ta fito," na ce, "amma ba a hannunki ba. Ni zan riƙe."

Ta buɗe baki za ta yi gardama, ta dubi agogo, ta rufe. Da ta leƙa gilashin sai na ga fuskarta ta sake. Batirin ya yi ja, don na cire shi tun bai sha komi ba, ga kuran babu. Ta ce watakila ya kai, watakila bai kai ba. Rezo kuma, wato layin da waya ke kamawa, a gidanmu wuri ɗaya yake zama in ana ruwa, bakin tagar falo, mai sandunan ƙarfe. Can na je na tsaya. Na sa ta ta zauna a kujera nesa da ni, taku uku, na ce kada ta matso. Ta ɗauko igiyar nan da suke sawa a kunne, na ce ko kusa, ba za a haɗa igiya daga wannan abu zuwa kanta ba. Ta ce ruwa na dukan kwano, madam ba za ta ji ta ba. Na ce ta ɗaga murya, ai ba a banza take jikata ba.

Ni bayan wayar nake gani, fuskarta na wajen Mari. Na ji muryar mace ta fito, suka gaisa da Faransanci, aka fara. Mari na amsawa da ƙarfi kamar mai talla. Feshin ruwa na shigowa ta taga yana jiƙa mini baya. Kowace walƙiya sai ɗakin ya yi fari, sandunan tagar su fito a bango, in riƙe numfashi ina jiran ƙarar. Hannuwana na rawa, na kasa tsayar da su. Can madam ta tsaya, ta yi wata tambaya, Mari ta amsa tana sunkuyar da kai. Sai na ji Hausa ta fito daga cikin wayar, Hausar Damagaram, ana cewa sannu Hajiya, ashe ke ce mai anza, a ɗan ɗaga hannu sama kaɗan, goshinta kawai nake gani. Na ce lafiya lau, a yi a gama. Na ɗaga.

Ban san Faransanci ba amma na san lokacin da mutum ya san abin da yake faɗi. Na ji hatsi, na ji anza, na ji Adar a tsakiyar maganarta. Kafaɗuna sun fara ciwo. Sai aradu ta faɗo. Ba a kanmu ba, an ce can wajen bakin kogi ne ta tsaga wani icce, amma ni a cikin ƙashina na ji ta. Fari, sannan ƙara wadda ta girgiza kwanon rufi, tasoshin da ke ƙarƙashin gado suka amsa. Na rantse na ji warin nan. Idona a rufe, ina cewa a raina ga ni, ni ce ke riƙe da shi, ni ce, ba ita ba. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Abin da ya dawo da ni muryar Mari ce, ba ta tsaya ba, tana ta bayaninta, tana rawa kaɗan amma tana tafiya. Na buɗe ido na gan ta zaune, ɗankwalinta a kanta, tana ƙirga wani abu da yatsu.

Madam ta yi tambaya ta ƙarshe, Mari ta amsa. Madam ta fara wata magana, ba ta kai ƙarshe ba wayar ta mutu. Mari ta ce ba ta san ko an gama ba ne ko da saura. Muka tsaya muna kallon juna, ruwa na zuba. Ta taso ta ce in kawo, an gama ko ba a gama ba. Na miƙa mata, amma hannuna ya ƙi. Yatsun sun ƙage a jikin wayar, ina ba su umarni ba sa ji. Ta kama su tana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, tana cewa saki, tsohuwa, saki. A na uku ta tuna abin da na gaya mata, ta tsaya, ta ɗora goshinta a kan hannuwana.

Kuran bai dawo ba sai washegari da hantsi. Tsakanin nan ban ci abin kirki ba, kuma ban yarda na haɗa ido da Isufu ba, ko da yake Mari ba ta gaya masa komi ba. Da wayar ta farfaɗo saƙonni suka yi ta shigowa kamar ƙwai na fashewa. A cikinsu akwai na madam. An gama, ta ci. Maganar da ta yanke, wai cewa take a gaida mai riƙon kamera, amma a gaya mata hannunta na rawa da yawa. Na ce a gaya mata ta zo ta riƙe a bakin tagar nan mu gani.

Damina ta kankama yanzu, kogi ya fara komowa, kwaɗi sun cika Yantala da kuka. Mari na jiran takardarta, amma gurup ɗin bai mutu ba, wai suna shirin karatu na gaba. Ta yi ta nuna mini hotuna da bayanai cewa waya ba ta kiran aradu. Na ji, ban ce ƙarya suke ba. Madubi dai ina rufewa, tasoshi ina turawa ƙarƙashin gado. Abin da ya sake shi ne tun da safe nake duba gabas, in na ga alama in ce mata ta sa abarta a caji ta cika tun kuran na nan. In hadarin ya iso kuma ba na binne ta. Ta kawo mini, in zauna a bakin taga da ita a hannu, ita kuma ta zauna can inda nake ganinta, taku uku.